Maƙerin da Na Ƙaga wa Baba Pam

Kwana biyu na yi a wani ɗan masauki a Istanbul ina kiran lambar mutumin da ya yi mini hanyar aiki, kafin na yarda cewa ba zai ɗauka ba. A Jos ya ce mini akwai kamfanin kujeru da ke neman kafintoci, ga ɗaki ga abinci, har hotuna ya nuna mini a waya. Da na ɗauki adireshin na je, sai na tarar da wurin wankin mota. Mai wurin ya duba takardar, ya dube ni, ya girgiza kai irin na wanda ba yau ya fara ganin irina ba. Ya ba ni shayi a ɗan kofin gilashi, sannan ya kwatanta mini da hannu unguwar da zan sami baƙaƙen fata.

Sunana Nasiru. Kafinta ne ni a kasuwar Katako da ke Jos, na baro mata da 'ya'ya biyu a gidan haya bayan Titin Bauchi. Ban da kayan sawa, abin da ke cikin jakata wata takarda ce a ninke, saƙon Baba Pam.

Baba Pam dattijo ne Berom, Kirista, tsohon akawu a kamfanin haƙar kuza, yana zaune a unguwar Daɗin Kowa da 'yarsa Kangyang. Abin da ya sa a gaba a duniya shi ne takubban sojan doki na Turai, irin lanƙwasassun nan masu mariƙin tagulla da ke kare hannu. Na farkonsu ya saya ne yana saurayi, a gwanjon kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu, daga nan ya riƙa tarawa ɗaya bayan ɗaya har suka kai bakwai. Bai damu da kaifinsu ba, kuma bai damu da wanda ya taɓa rataya su ba. Shi dai ya san wanda ya ƙera: sunansa, garinsu, wa ya koya masa, wa ya gaje shi. Yana da wani babban littafi mai baƙin bango inda yake rubuta duk abin da ya tabbatar. Mun san juna ne da ya zo Katako neman wanda zai yi masa akwatin gilashi, a shekarun da mutanen unguwarsu ba sa son shigowa tamu, mu ma ba ma son shiga tasu. Shi ya shigo abinsa da sandarsa, ya zauna a kan bencina, tun daga ranar yake kirana yaronsa.

Shida daga cikin takubban ya gano masu ƙera su, ta hanyar wasiƙu da tsofaffin littattafai. Na bakwai ne ya gagare shi. Babu suna a jikinsa, sai hatimin wani ɗan kifi da bai kai farcen yatsa ba, dab da mariƙi. Da ya ji zan yi tafiya, ya ɗora farar takarda a kan hatimin ya goga fensir har kifin ya fito. Ya ce garin da zan je mahaɗa ce, takubban gabas da na yamma duk sun bi ta can, in nemi tsofaffin sana'ar in tambaye su. Na ce masa ya ɗauka an gama.

A unguwar da aka kwatanta mini na haɗu da Wasiu. Ina tsaye a bakin wani shagon waya ina tambaya da Turanci, sai na ji an ce, "Kai, wannan hular ta Jos ce." Bayarabe ne haifaffen Jos, mahaifinsa na da shagon kayan mota, shekararsa biyar a Turkiyya yana dakon kaya a kamfanin aika saƙo. Ya saurari labarina bai yi dariya ba. Ya ce in ɗauko jakata. Ɗakin nasu a ƙarƙashin ƙasa yake, mutum biyar, taga ɗaya da ke kallon ƙafafun masu wucewa. Ya matsar da katifarsa ya yi mini wuri, ya soya mana dankalin Turawa da ƙwai, muna ci yana ƙorafin cewa dankalin ƙasar nan girma kawai gare shi, ba shi da ɗanɗanon na Bokkos. Loma uku na yi hawaye suka zo mini, na ce yaji ne. Babu yaji a abincin.

Mutanen Jos muna taƙama da sanyi, amma sanyin can daban ne, mai ruwa, yana shiga ƙashi. Wata guda ina yawon neman aiki da rigar sanyin Wasiu. Baƙo ko da ido makaho ne. Sau biyu ina yin aikin yini a kore ni da yamma hannu wofi. Idan Hauwa matata ta kira, sai in fita in tsaya gaban wani kantin kujeru mai kyau in ɗauki hoto in tura mata.

A wata na biyu na sami aiki wurin wani mai suna Kemal, mai shagon kayan tarihi a wani lungu kusa da babbar kasuwa. Da na shiga shagon na ga takubba jere a bango, murna ta kama ni, na ce Allah ya kawo ni inda saƙon Baba zai isa. Kemal ya duba hannuwana, ya ba ni guntun katako da wuƙa ya ce in fere masa. Da ya ga aikin ya ce in zo gobe da fasfona, zai ajiye mini don kada ya ɓata, kuma zai nema mini takardar zama.

Ba a shagon na yi aiki ba, a ƙarƙashinsa ne. Can ƙasa na ga inda tsofaffin takubban suke fitowa. Sababbi fil ake kawo su a kwali daga wata masana'anta. A tsoma su cikin ruwan asid, a binne su cikin jiƙaƙƙen garin katako da gishiri har tsatsa ta kama, a goge rabi a bar rabi. Aikina shi ne kube: in sassaƙa katakon, in naɗe shi da fata, in jiƙa fatar da baƙin shayi, in bi ta da sanfefa a wuraren da hannu da cinyar mahayi za su goga, sannan in huda ƙananan ramuka da allura mai zafi kamar ƙwaro ne ya ci. A cikin wata durowa akwai madosai sun fi ashirin, kowanne da hatiminsa: kambi, tauraro, jinjirin wata, kerkeci a guje. Kemal zai zaɓi ɗaya, guduma sau ɗaya, takobi ya sami uba.

Na san abin da nake yi tun ranar farko, ba zan ce an rufe ni ba. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne na iya aikin, kuma na ji daɗin iyawar. Ranar da Kemal ya kasa bambanta kuben da na yi da na gaske, na koma ɗaki ina washe baki.

Wata rana na yi ƙarfin hali na nuna masa takardar Baba, na tambaye shi ko ya san maƙerin da ke buga kifi. Ya kai ta kusa da fitila, ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya miƙo mini yana murmushi.

"Wa kake so ya zama?" in ji shi.

Bayan mako biyu na buɗe durowar nan na ga sabon madoshi, da ɗan kifin Baba Pam a bakinsa. Na mayar na rufe. Fasfona na hannunsa, bizata kuma ta ƙare.

Daga nan aka ƙara mini matsayi. Kemal ya lura cewa masu saye sun fi sakin jiki idan akwai labari, sun fi kuma yarda idan labarin na da fuska. Ya samo wani rawani da wata riga da ban san ta wace ƙasa ba ce, idan babban mai saye zai zo sai ya sa ni in sa, in zauna a kujera a kusurwar shago. Ni ne jikan wani mayaƙi daga Afirka wanda ya ƙwace takubba daga sojan dokin Turawa, talauci ya sa nake rabuwa da gadon gidanmu. Ba a so in yi magana da yawa. In sunkuyar da kai kawai, in shafa kuben da na gama hudawa shekaranjiya kamar ina bankwana da shi. Kakana na gaske ɗan tireda ne a unguwar Dilimi, ko kaza ba ya son yankawa.

Akwai wani tsoho da ba na mantawa, ban san ƙasarsu ba. Ya zo da ɗan littafi da gilashin dubawa a aljihu. Ya daɗe yana duba hatimin, yana rubutu. Da zai tafi da takobin ya dawo inda nake, ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya ce da Turanci kada in damu, zai kula da shi kamar yadda kakana ya kula da shi. Na ce na gode. Har ƙofa na raka shi.

Duk Lahadi bayan an taso daga coci Baba Pam yake kirana da wayar Kangyang. Zai tambayi lafiyata, ya tambayi ko ina samun masallaci kusa, ya ce ya aika wa Hauwa da acca. Sai a ƙarshe, kamar wanda bai damu ba, ya ce, "To, mutumin namu fa?" Na riga na gaya wa mutanen gida cewa a kamfanin kayan tarihi nake, tare da manyan masana. Mako bayan mako ina ce masa ana bincike. Wata Lahadi ya ce ba komai, in ban samu ba kada in wahalar da kaina, shi dai yana so ne ya cike shafin kafin Ubangiji ya kira shi, don ya kwanta asibiti kwana huɗu a makon, ya hana a gaya mini.

Ina zaune a ƙarƙashin shagon ni kaɗai, an ce in zo in ƙarasa aiki. A gabana akwai gwangwanin man goge katako, ɗan Jamus. Na ji bakina yana cewa, "Baba, ai an samo shi."

Wata biyar ina sauraron Kemal, labarin bai ba ni wuya ba. Na ce maƙerin Bajamushe ne, a wani gari da ke bakin kogi. Ɗan masunci ne, shi ya sa ya zaɓi kifi. Yana kashe zafin ƙarfensa da ruwan kogin, ba ya yarda da na rijiya. 'Ya'yansa biyu sun taya shi aiki, babban ya mutu a yaƙi riƙe da takobin da ubansa ya ƙera, daga nan tsohon ya rufe maƙera, shi ya sa aikinsa ya yi ƙaranci. Baba ya ce in dakata ya ɗauko biro. Ya ce in faɗa masa sunan harafi bayan harafi. Na juyo gwangwanin, na karanta masa sunan da ke jiki, shi kuma yana maimaitawa a hankali. Da muka gama na ji yana kiran 'yarsa, yana cewa ta zo ta ji, Nasiru ya samo.

Na gaya wa kaina cewa alheri na yi. Tsoho ne mara lafiya, labarin zai zauna a littafinsa a cikin akwati, babu wanda zai cutu.

Bayan kamar wata biyu Kangyang ta turo mini bidiyo. Na buɗe shi da rana, ina cin burodi a kan matakalar shago. Wata malamar tarihi a jami'a, 'yar cocinsu, ta gayyaci Baba ya yi wa ɗalibanta bayani a kan takubbansa. Ga shi nan cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, takubba bakwai a kan tebur. Ya bi shida da sauri, ya tsaya a kan na bakwai. Ya ba da labarin ɗan masunci, bai rage komai ba, ya rubuta sunan gwangwanina a allo da manyan baƙaƙe, ɗalibai sun sunkuya suna kwafa. Sannan ya ce shekara da shekaru ya nema bai samu ba, sai da yaronsa, Musulmi, kafinta a Katako, ya tsallaka teku ya samo masa. Ya faɗi sunana. Aka tafa.

Burodin nan ban ƙarasa shi ba. Na tura wa Kangyang alamar hannu mai godiya, don ban san me zan rubuta ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran tsofaffin makamai a wani bene can cikin kasuwa, kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a. Idan Kemal ya sami takobi na gaske da ke buƙatar gyara, ni yake aike in kai masa. Ba ma jin yaren juna. Amma tun zuwana na biyu ya kama hannuna ya duba yatsuna da asid ya cinye, ya ɗauko wani man shafawa a kwalba ya shafa mini da kansa, ya sa sauran a aljihuna. Bai tambaye ni inda na ƙone ba, ya sani. Tun daga nan in na zo sai ya tura mini kujera da shayi. Sau da yawa takardar Baba na aljihuna, amma na kasa fito da ita. Da farko kunyar hannuwana ta hana ni, daga baya kuma tsoron amsar.

Ranar Asabar bayan bidiyon na roƙi Wasiu ya raka ni ya yi mini tafinta. A hanya na gaya masa komai. Ya tsaya cak a tsakiyar titi.

"Dattijo ka yi wa haka? Wanda ke kai wa matarka abinci?"

Ya wuce gaba, na bi bayansa har muka hau benen.

Usta ya shimfiɗa takardar, ya daɗe a kanta da gilashinsa. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon kundi na zane-zanen da ya yi da hannunsa, ya buɗe wurare biyu, ga kifin nan. Ya ce sau biyu ya taɓa ganinsa a rayuwarsa. Ɗaya a kan ƙarfe mai kyau ƙwarai, ɗaya a kan ƙarfe na banza, kuma hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wancan ba. Don haka a ganinsa ba hatimin maƙeri ba ne, na ɗan kasuwa ne da ke sayen takubba marasa suna daga maƙeru daban-daban, ya buga alamarsa ya tura ƙasashe. Ya ce irin waɗannan ma ba mutum ɗaya ke yin su ba: wani ya buga ƙarfen, wani ya kashe zafinsa, wani ya wasa, wani ya haɗa mariƙi, kowa a rumfarsa. Na sa Wasiu ya tambaye shi sunan ɗan kasuwar, ko garinsu. Usta ya buɗe tafukan hannunsa ya faɗi kalma ɗaya. Wasiu ya ce, "Ya ce bai sani ba."

Mutumin da ya tsufa a cikin takubba, ya faɗe ta ko a jikinsa, ya ci gaba da kurɓar shayi.

Na ce wa Wasiu ya gaya masa sauran, har da madoshin da ke durowar Kemal. Nan ne fuskar Usta ta canja. Ya yi faɗa mai tsawo, Wasiu ya fassara mini kaɗan: cewa yanzu duk wanda zai bi sawun kifin nan bayanmu zai riƙa cin karo da na ƙarya, mun zuba ƙasa a rijiyar da ba mu muka haƙa ba. Da ya huce ya tambayi inda fasfona yake. Ya ɗauki waya ya kira Kemal, bai ɗaga murya ba, maganar ba ta fi minti biyu ba. Ban san me ya ce masa ba. Washegari Kemal ya jefo mini fasfon a kan tebur, ya ce kada ya sake ganina a lungun. Madoshin kuwa yana nan a durowarsa, ina jin har yau.

Wasiu da 'yan ɗakinmu ne suka haɗa mini hanyar komawa. A filin jirgi aka buga mini hatimin hana shiga ƙasar saboda na wuce wa'adi. Wasiu ya ba ni leda da rigunan yara biyu, ya ce kada in shiga gida hannu wofi, in ce ni na saya.

Da mota ta fara hawan Kibo iskar gida ta bugo ni, sauran fasinjoji suna ta zuge gilashi, ni kuwa ji nake da a juya da ni. A Katako aka sa mini suna Oga Turkiyya, kowa na tambayar yaushe zan buɗe kamfani. Hauwa kaɗai na gaya wa gaskiya. Ta ce talaucin da na dawo da shi bai dame ta ba, amma ba za ta ƙara karɓar ko ƙwayar acca daga gidan Baba ba sai na je. Duk da haka sai da na yi mako uku ina kewaye-kewaye, ina cewa zazzaɓi nake. Ranar nan Kangyang ta zo har rumfa ta ce Baba na jirana ranar Asabar, an sayi akuya.

Na tarar ya sa an kira mahauci Musulmi ya yanka saboda ni. An dafa gwate, an shimfiɗa ledar cin abinci a falo. Baba ya rame, amma ya tashi da kansa ya rungume ni. Littafin na kan tebur a buɗe, ya ce kafin mu ci yana so in duba ko ya rubuta komai daidai. Shafi biyu cur, da kyakkyawan rubutunsa na akawu. A ƙasa ya rubuta inda ya samo bayanin, kamar yadda yake yi wa kowane shafi: daga bakin Nasiru.

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce, "Baba, babu wannan mutumin. Ni na ƙaga shi."

Bai gane ba da farko, sai da na maimaita. Na faɗa masa gwangwanin, da rawanin, da madoshin, ban ɓoye komai ba, idona na kan siminti. Kangyang da ke tsaye da tire ta ajiye shi ta koma kicin. Baba ya janyo littafin gabansa. Can ya tambaye ni ko ɗan da ya mutu a yaƙi shi ma babu shi. Na ce babu. Ya gyaɗa kai. Ya ce ya yi wa yaron nan addu'a a coci.

Ya ɗauki rula da biro, ya ja layi ɗaya a kan kowane sahu, a hankali, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Bai yage shafin ba. Na yi saurin gaya masa abin da Usta ya ce, ina ganin ko wannan zai rage wani abu. Ya fara rubutawa, ya yi sahu ɗaya, sai ya ɗaga biron ya dube ni.

"Wannan kuma, yaya zan san gaskiya ne?"

Na ba Kangyang lambar Wasiu. Bayan kwana biyu suka haɗa kira, Baba ya yi magana da Usta, Wasiu na fassara, kusan awa guda. Sai bayan nan ya ƙarasa shafin. Abincin ranar kuwa ya ce a zuba mini a kwano in kai wa Hauwa da yara, don su ba su yi komai ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ya sa Kangyang ta kira malamar nan, ya roƙi minti goma a gaban ɗaliban da ya yi wa bayani. Malamar ta ce ba sai ya wahala ba, za ta gyara musu da kanta. Ya ce a'a, da bakinsa ya faɗa, da bakinsa zai janye. Ya aiko mini cewa in zo in ɗaukar masa takobin, ba ya iya riƙe shi da sanda.

A gaban ajin ya rubuta sunan a allo, ya ja masa layi. Ya ce duk wanda ya kwafa ya soke, babu maƙeri mai wannan suna. Ya ce laifinsa ne, shekara da shekaru ba ya rubuta abu sai ya ji shi daga wuri biyu, wannan karon ya ji daga wuri ɗaya ya rubuta, saboda labarin ya yi masa daɗi kuma yana gaggawa. Bai ambaci sunana ba, bai kalli inda nake ba. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya ina mutumin da ya kawo labarin. Ina tsaye a gefen allo rungume da takobi a cikin zane. Na matso na ce ni ne, kuma ba kuskure na yi ba, ƙarya na yi. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ɗaga waya tana ɗaukata. Baba ya ce su buɗe littattafansu, zai gaya musu ɗan abin da aka sani game da kifin, ba shi da yawa.

Bai kore ni ba. Har yanzu ina zuwa Daɗin Kowa, yana kirana yaronsa, yana tambayar yara. Na koma bencina a Katako, sunan Oga Turkiyya ya bi ni, yanzu da wata ma'ana. A watannin baya wani tsohon abokin aikinsa ya rasu, iyalan suka kawo masa wani takobi da suka tsinta a ƙarƙashin gado, na takwas ke nan. Ina falon aka kwance shi. Akwai rubutu a gadon bayansa, ƙanana ƙwarai, tsatsa ta ci rabi. Baba ya kai shi bakin taga, ya sa gilashi, ya cire, ya goge ido, ya sake sawa. Idanun sun tafi. Ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa, daga inda nake ma ina hango haruffa huɗu na farko.

Ya juya wajen ƙofar kicin ya ɗaga murya.

"Kangyang, bar wanke-wanken nan, zo ki karanta mini."